Tantabarar da Ta San Inda Ƙasa Take

Yaya, ja mana ƙofar nan, iskar Oktoba ta fara cizo. Malam, rabin kofi ya ishe ni. Tun ɗazu kuke zolayata a kan me ya sa na hana Alhaji tantabarun nan biyu da ya gani suna wasa a sama bayan la'asar, alhali kowa ya san da wuya Alhaji ya buɗe baki ya roƙi abu. Alhaji, wallahi ba rowa ba ce. Zan faɗa muku dalili, amma maganar ta tsaya a ɗakin nan, domin akwai wani ɓangare nata da ko maiɗakina ban taɓa ba ta labarinsa duka ba.

Dukkanmu nan mun yi kiwon tantabara muna yara. Ni a Zariya, tukwane uku na rataya a jikin katanga, da wani akurkin langa-langa da na harhaɗa da hannuna. Burinmu a lokacin bai wuce su yi yawa ba, su tashi su kewaya unguwa su dawo, in Allah ya sa ka dace su janyo ta wani. Da na zo Birmingham na ɗauka na bar wannan rayuwa ke nan. Sai wata Asabar da safe, ina tsaye a tashar bas ta wajen Dudley, na ɗaga kai na ga tantabaru kamar ashirin suna tafe a dunƙule can sama. Ban ankara ba sai fiye da rabinsu suka zubo lokaci guda, kamar an tsinke carbi, kowace tana wulwulawa ta baya kamar katantanwa. Suka gangaro tsawon bene biyu ko uku, sannan kowace ta buɗe fiffike ta miƙe, ta bi 'yan'uwanta. Bas ta zo ta wuce, ina nan tsaye.

Ita ce rola ta Birmingham, kuma nan ne mahaifarta. Talakawan wannan yanki ne suka fitar da ita a ƙarni na 19, masu haƙar kwal da maƙeran sarƙa da ƙusa na Dudley da Cradley Heath da Wolverhampton, yankin da hayaƙin masana'antu ya sa ake ce masa Baƙar Ƙasa. Mutum ya wuni a rami ko gaban wuta, ya dawo ɗan tsakar gidansa, abin da ya rage masa na nishaɗi shi ne ya ɗaga kai sama. Tantabara mai alkafura kuwa ta daɗe a duniya kafin su. Sarki Akbar na Indiya ya tara tantabaru sama da 20,000 a ƙarni na 16, kuma cikinsu akwai masu juyi a iska. Abin da mutanen nan suka yi shi ne, suka riƙa zaɓen wadda ke jera alkafura a kan alkafura ba tsayawa, har juyin ya zama dunƙule guda. Waɗanda suka ɗauki bidiyo suka rage masa gudu sun ƙirga juyi wajen goma a sakan ɗaya. In ta ƙware, kana kallonta ta gefe za ka ga wani ɗan rami a tsakiyar dunƙulen, kamar ramin ƙuli-ƙuli mai zobe.

Malam, na ga kana so ka yi tambayar da kowa ke yi: koya mata ake yi? A'a. Da abinta ake ƙyanƙyashe ta. Tana wata uku zuwa shida, wata ma sai ta kusa shekara, za ka ga ta fara zama a kan jelarta a iska kamar mai shirin faɗuwa ta baya. Bayan kwanaki ta yi alkafura ɗaya. Sai biyu. Wata rana kawai abin ya kwance. Kuma a farkon nan abin fizgarta yake yi, ba da shawararta ba. Na sha ganin ƙaramar tantabara ta fito daga juyi a firgice, ta rasa ina garke ya nufa, ta je ta sauka a kan bututun hayaƙin maƙwabta tana haki.

To nan ne maganar take. A jikin kowace rola akwai abu biyu da ke kokawa: ƙarfin juyin da ke janta, da birkin da take taka shi da shi. In birki ya rinjaya ƙwarai, ka samu tantabara mai yawo kawai, sai jefi-jefi ta yi alkafura. In juyi ya rinjaya, ka samu wadda za ta fara daga sama ba za ta tsaya ba sai ta daki ƙasa. Turawan nan suna da suna na musamman ga irin wannan, ma'anarsa mai gangarowa har ƙasa, kuma ba mai kiwon da ke son a ji yana da ita a gidansa. Charles Darwin ma, wanda ya yi kiwon tantabara a gidansa tun 1855, ya rubuta a littafinsa na 1868 cewa akwai masu alkafurar da abin ya yi musu yawa har ba sa iya tashi sosai, ya kuma kawo labarin wani iri na Indiya da ake kira Lotan, wanda in an ɗan girgiza shi aka ajiye a ƙasa sai ya yi ta adungure har sai an ɗauke shi. Yau ma a Amurka akwai irin da ake kiwo musamman don adungure a ƙasa, in ya girma ba ya tashi ko kaɗan. Wato in ka bi juyi shi kaɗai ka ƙyale birki, can hanyar take kaiwa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa ba.

Shekarata ta biyu da fara kiwon, na sayi wani namiji baƙi mai farin kai a hannun wani mutum da ba sai na ambaci sunansa ba. Watansa bakwai, amma in ya zubo sai ka ce daga sama aka jefo dutse, ƙafa arba'in ko fiye. Ina da wata mace ja, ita ma mai zurfi, wadda sau biyu na ga ta bugi rufi wajen sauka, na ce ai ƙuruciya ce. Akwai wani dattijo Bature a bayan layinmu, ya haura tamanin, tun yana ɗan shekara goma yake tashin rola, shi ne ya fara ba ni tantabaru. Baba nake ce masa, ya kuma saba da sunan. Na kai masa namijin nan ina murna. Ya juya shi a hannu, ya buɗe fiffiken, ya tambaye ni sau nawa ya sake gashi. Na ce bai yi babbar sakewa ba tukuna. Ya miƙo mini shi ya ce, "Ɗana, mayar da shi sama. Ba ka san shi ba tukuna, shi ma bai san kansa ba."

Ban ji ba. Na haɗa su a watan Maris.

Cikin 'ya'yan da suka yi akwai wata 'yar ja mai fararen fukafukai. Yaya, kai ka ganta, ita ce wadda ke sauka a kafaɗata in na fito da gwangwanin abinci. Tana wata uku ta fara juyi, kafin 'yan'uwanta su san ma me ake ciki. Wata huɗu tana yin ƙafa ashirin. Ina ta kiran mutane su zo su gani. Alamun duk sun bayyana a gabana: ta fara jan baya daga garke, ta fara tashi can sama da su ita kaɗai, in na buɗe akwatin da nake sakinsu daga ciki takan yi jinkirin fita. Tsoron abin da ke jikinta take yi, ni kuwa ina ganin yanga ce. Ran nan da safe, babu iska, sama garau, garke ya juyo ta kan gidan bai fi tsayin bishiyar nan ta bayanmu sau biyu ba, sai ta kama. Na tsaya ina jiran ta buɗe. Ina jira. Ƙarar da ta yi a kan simintin tsakar gida ba babba ba ce, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Na ɗauke ta, jikinta da zafi, zuciyarta na bugun tafin hannuna da sauri, ɗan jini ya fito ta hancinta ya ɓata farar fatar nan ta saman baki. Idonta a buɗe yana kallona. Ban kai ga ƙofar kicin ba bugun ya tsaya.

Ba shaho ne ya kashe ta ba, ba cuta ba. Ni na zaɓi ubanta, ni na zaɓi uwarta, ni na rufe su a keji ɗaya bayan an gargaɗe ni. Dabbar da ke hannunka amana ce, kuma mun san za a tambaye mu. Cikin 'ya'ya shida na wannan haɗin, uku haka suka ƙare kafin hunturu, uban ma da na mayar da shi sama bai kai ƙarshen shekara ba. Na yi sati biyu ban buɗe akwatin tashi ba.

Da na koma wurin Baba, bai ce mini ai na faɗa maka ba. Kujera ya jawo mini, ya saki garkensa, ya nuna mini wani shuɗin namiji mai zane a fiffike, wanda in ka gan shi a kasuwa ba za ka taya ba. Ya ce kada in kalli kowa sai shi. Da suna can ƙololuwa, ya zubo ƙafa talatin a dunƙule, ya fito fuskarsa na kallon inda garke ya nufa, ya koma cikinsu kamar an ja shi da zare. Da suka sauko tsaka-tsaki, ya yi ƙafa goma. Da suka zo dab da rufi za su sauka, sauran na ta rawar jiki, shi alkafura ɗaya tak ya yi, ya dire a kan allo da ƙafafunsa biyu. Baba ya ce, "Ka gani? Wannan ya san inda ƙasa take. Shekararsa huɗu, bai taɓa taɓa rufi ba. Shi ake haifa."

Tun daga ranar na canza yadda nake kallon tantabara. Da, zurfi nake nema. Yanzu fitowa nake kallo. Yaya take buɗewa, a tsaye ko a karkace? Tana fitowa ta san gabas da yamma, ko sai ta yi ɗan lilo tukuna? Sakan nawa take ɗauka ta koma cikin 'yan'uwanta? In an buɗe akwati, tana fita ta hau sama lafiya, ko tana kama juyi tun ba ta wuce katanga ba? Minti biyar na farko da minti biyar na ƙarshe sun fi gaya mini gaskiya a kan duk abin da ke tsakani.

Kuma ba a yanke hukunci a shekarar fari. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tantabarar da ke da birki a watan Yuni, tana ƙoshe, gashinta cikakke, ba ita ce abin dubawa ba. Jira kaka ta yi, ta fara zubar da manyan gashin fiffike, guda goman nan da ke kowane gefe, musamman in ta zo kan na ƙarshe-ƙarshe, fiffike ya yi giɓi, jiki ya yi rauni. Jira ranar iska, ranar da shaho ya tarwatsa su. Wadda ta wuce duk wannan ba ta daki komai ba, ta sake gashi ta kuma sake, wato ta kai wata goma sha takwas zuwa shekara biyu a sama, ita ce ta cancanci ɗakin aure. Masu saurin farawa, irin 'yar jata, su ne suka fi ba da tsoro, domin juyin ya riga hankalinsu da ƙarfin jikinsu zuwa.

Alhaji, na ji ka. Ka ce me zai hana a haɗa mai zurfi da marar zurfi a samu tsaka-tsaki, kamar a sirka ruwan zafi da na sanyi. Ni ma na yi wannan tunanin, kuma mutane da yawa suna yi. Gado ba ya sirkuwa haka. A 1972 wasu masu bincike biyu a Amurka, Entrikin da Erway, suka nuna cewa alkafura hali ne mai ɓuya, sai ɗa ya samo shi ta wajen uwa da uba duka yake bayyana. A 2024 wata mai bincike a Jami'ar Utah, Atoosa Samani, ta haɗa masu adunguren ƙasa da tantabarun tsere, 'ya'yan farko ba wanda ya yi juyi, sannan ta gano wurare har biyar a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a lamarin. To ka ga abin da ke iya ɓuya a 'ya'ya ya fito a jikoki, kuma ba zare ɗaya ke riƙe da shi ba. In ka sa marar birki a cikin zuriya ka rufe shi da mai sanyi, 'ya'yan za su iya fitowa lafiya, ka saki jiki, ka haɗa su da juna, shekara biyu ko uku sai ka fara tsintar gawa a tsakar gida ba ka san daga ina abin ya fito ba. Ni yanzu ƙa'idata ɗaya ce: uwa mai birki, uba mai birki. Cikin masu birkin ne nake neman wanda ya fi sauri da kyan dunƙulewa. Zurfi yakan zo da kansa.

Wannan kuwa ba sabon ilmi ba ne. William Pensom, ɗan nan yankin da aka haifa a 1904, wanda ya kwashi iliminsa ya koma Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da littafinsa a kan rola a 1958, kuma har yau zuriyar tantabarunsa ake tinƙaho da ita a Amurka. Abin da shi da dattawan zamaninsa suka tsaya a kai shi ne a zaɓi tsuntsu daga sama, bayan an gan shi ya daɗe yana aiki. Gasar duniya da aka fara a 1991 ma, in ka duba dokokinta, birki take saka wa. Garken tantabaru 15 zuwa 20 ake saki na minti 20, ba a ba da maki sai aƙalla biyar sun kama juyi tare, kuma in tsuntsaye suka ware daga garke alƙali yakan dakatar da ƙirga har su dawo. Tantabarar da ta yi ƙafa sittin ta kasa komowa kan lokaci, asara take jawo wa mai ita.

Sauran aikin na haƙuri ne da rubutu. Kowane aure keji nasa daban, domin tantabara a ɗaki ɗaya ba ka da tabbacin uban ƙwai. Ƙwai biyu take yi, kwana 18 su ƙyanƙyashe, namiji ya yi kwanci da rana, mace ta karɓa da yamma har safe. Ɗan shila na kwana shida ko bakwai nake zura masa zobe mai lamba a ƙafa, in rubuta a littafi: uwa, uba, ranar ƙyanƙyasa, daga baya ranar alkafurar farko, da duk ranar da ya taɓa rufi ko ya sauka kafin lokaci. Ba na yabon aure don ya fitar da gwani ɗaya. In ya ba ni gwani ɗaya da marasa birki uku, na raba shi. Kuma ina tsayawa cikin dangi ɗaya, ɗan wa da 'yar ƙani, kaka da jika, domin a haka ne kake sanin abin da ke cikin jininka, mai kyau da marar kyau duka su fito fili da wuri. Jini daga waje kuwa sai na gwada shi a gefe shekara biyu kafin ya shiga cikin gida.

Kada kuma a ɗora wa gado laifin mai gida. Abinci na taɓa birki ƙwarai. Sau ɗaya nake ba su a rana, bayan sun sauko, alkama da jar dawa, abin da bai wuce gram 20 zuwa 30 ba ga kowace. In ka matse su da yunwa juyi zai ƙaru, shi ya sa wasu ke yi kafin gasa, amma ƙarfin riƙewa zai ragu. In na ga wata ta fara yawan kamawa, sai in ware ta, in ƙara mata wake a abinci, in hutar da ita kwana uku ko huɗu. Macen da ke ɗauke da ƙwai ba na sakinta sam. Wadda ta bugi rufi sau ɗaya a ranar iska tana ƙarama, ina yi mata uzuri in ci gaba da kallo. Wadda ta maimaita bayan ta huta ta ƙoshi, ta gama tashi a gidana. Da yawa a nan yankawa suke yi. Ni ina da biyu irin wannan, na mai da su masu reno: in cire ƙwansu in sa musu na zaɓaɓɓu, kuma wallahi babu iyayen da suka fi su ɗura wa 'ya'ya abinci.

Shaho kam sai haƙuri, Malam. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana taɓa shi a ƙasar nan, kuma a Amurka an kama masu kiwon rola a 2007 saboda kashe shi. Ni in ya matsa a hunturu, rufe su nake yi har ya canza unguwa. Amma na lura wadda ke fitowa daga juyi da hankalinta a jikinta ta fi tsere masa.

Baba ya rasu bara, cikin azumi. Kafin nan ya sa 'yarsa ta kira ni, ya ba ni shuɗin namijin nan, ya tsufa, ƙwai ɗaya cikin biyu yake cikawa. Biyun da ka gani yau, Alhaji, jikokinsa ne ta wajen uwa. Amma ubansu sabon jini ne da nake gwadawa, watansu biyar kacal, kuma ƙaramar ta fara zurfi da wuri fiye da yadda nake so. Shekaranjiya na ga ta yi jinkiri a bakin akwati. Shi ya sa da kake yaba ta ɗazu ka ga na yi shiru.

Ka bar mini su su ci hunturun nan, su sake gashi a kaka mai zuwa. In Allah ya kai mu Oktoban baɗi suna sauka da ƙafafunsu, ni da kaina zan kawo maka su gida a kwando, har da shafinsu na littafi. Kafin nan ka zo ran Asabar da hantsi, in babu iska, mu zauna a baya. Zan nuna maka uwarsu, ka ga yadda take yi in ta zo dab da rufi.

Yaya, miƙo butar nan, shayin ya huce.